Babur mai ƙafa huɗu da ke mutuwa idan ya ɗauki zafi, da batun ɗaga shi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Zariya. Bara na sayi babur mai ƙafa huɗu na hannu, ƙirar Honda FourTrax 300 mai jan gaba da baya, wanda aka shigo da shi daga Amurka. Ina zagaya gona da shi, ina kuma ɗaukar taki. Da safe yana tashi lafiya lau, amma idan na yi kamar rabin awa ina aiki sai ƙarfinsa ya ragu, ya fara tari, ya mutu, kuma ba ya sake tashi sai ya huce. Bakanikena ya wanke kafireto har sau biyu, amma ba ta sauya zani ba. Sannan idan na ɗora buhu uku na taki a baya, gindinsa yana zama, cikinsa yana gogar kunya. An ba ni shawarar in buɗe salansa don ƙarin ƙarfi, in sa ƙarfen ɗagawa, in kuma sa manyan tayoyi masu inci 27. Mene ne shawararka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, abubuwa biyu ne ke damunka, wato injin da ke mutuwa bayan ya ɗauki zafi, da kuma bayan babur da ke zama ƙarƙashin kaya, sannan an kawo maka gyare-gyare uku a matsayin magani. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko: babu ko ɗaya daga cikin ukun da zai warkar da mutuwar injin, biyu daga cikinsu ma za su ƙara tsananta ta. Abin da babur ɗinka ke bukata shi ne a mayar da shi yadda kamfani ya ƙera shi, kuma sai bayan an yi hakan ne za a san ko akwai wani ƙari da ya cancanci kuɗinka.

Ya kamata mu san irin abin da ke hannunka. Honda ta ƙera FourTrax 300 daga shekarar 1988 zuwa 2000, saboda haka ko na ƙarshen fitowa ka samu, ya haura shekara ashirin a duniya. Injinsa silinda ɗaya ne mai girman sisi 282, iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto ko ruwa. Yana da giya biyar da ribas, kulocinsa yana kama kansa ba tare da an matsa hannu ba, kuma shaf ne ke kai ƙarfi ga tayoyi maimakon sarƙa. Irin naka mai jan gaba da baya, kullum tayoyin huɗu suna ja tare, babu maɓallin cire na gaba. Wannan bayanin na ƙarshe ka riƙe shi, domin zai yi mana amfani idan mun zo kan tayoyi. Inji ne mai sauƙin fahimta da jure wahala, kuma bakaniken babur mai natsuwa zai iya gyara shi idan ya bi abin a tsare.

Gwajin da ake yi a daidai lokacin da ya mutu

Dalilin da ya sa wanke kafireto bai yi amfani ba shi ne, dattin kafireto ba ya jiran rabin awa kafin ya nuna kansa. Idan ƙaramin jet, wato ƴar kafar da mai ke bi a cikin kafireto, ya toshe, tun da safe za ka ga babur ba ya tsayawa a silo sai da cok. Matsalar da ke zuwa bayan inji ya yi zafi, ta kuma tafi bayan ya huce, galibi tana fitowa ne daga ɗayan wurare uku: man fetur ya daina isowa, ko wuta ta ɗauke, ko bawul ya daina rufewa sosai. Wahalar ita ce, idan ka tura babur gareji ya riga ya huce, bakanike zai same shi lafiya, sai ya koma ga abin da ya saba, wato kwance kafireto. Don haka gwajin a gona za a yi shi, a cikin mintunan farko bayan ya mutu. Ka tafi da sifanar fulogi, da sabon fulogi, da sukudireba, da ƙaramar kwalba mai haske.

Da zarar ya mutu, ka fara buɗe murfin tanki kana saurare. Idan ka ji iska ta shige ciki da ƙara, kuma babur ya tashi bayan ɗan lokaci kaɗan ba tare da ya huce ba, to hanyar numfashin tanki ce ta toshe. Man wannan babur gangarowa yake yi da nauyinsa zuwa kafireto, kuma idan iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita, a hankali man zai tsaya. Ƙurar hunturu da zanzaro mai gina ɗakin laka a cikin ƙananan tiyo duk suna jawo wannan, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Idan murfin tanki bai nuna komai ba, ka rufe famfon mai da ke ƙarƙashin tanki, ka kwance ɗan sukurun da ke gindin kofin kafireto, ka tari abin da ya fito a kwalbar. Idan ɗigo kaɗan ne ya fito, kofin ya bushe ke nan, man ba ya isowa da saurin da inji ke sha. Sai ka buɗe famfon ka ga ko man zai zubo a miƙe ko kuwa ɗis-ɗis. A tsofaffin babura irin wannan na sha tarar da tsatsar tanki ta lulluɓe ragar da ke kan famfon, ta yadda man da ke wucewa ya isa silo amma bai isa jan kaya ba. Ka kuma ɗaga kwalbar ka duba gindinta, domin ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya zama ƙwallo-ƙwallo. Wanda ke sayen mai a galan a bakin hanya ya fi kowa haɗuwa da wannan. Akwai kuma abin da babur ya zo da shi daga can: yawancin fetur ɗin Amurka ana gauraya shi da sinadarin etanol kusan kashi goma cikin ɗari, wanda ke jawo danshi, yana kuma barin danƙo a tanki da tiyo idan abin hawa ya daɗe a ajiye.

Idan mai yana nan a wadace, sai wuta. Ka cire hular fulogi, ka sa sabon fulogin a cikinta, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da inda mai ya zuba, ka danna sitata. Wuta mai lafiya shuɗiya ce mai kauri, tana ƙara. Idan babu wuta a lokacin da yake da zafi, amma ta dawo bayan ya huce, to ka kama ɓarawon. Abubuwa uku ne ke yin haka: kwayil, da akwatin CDI mai sarrafa sakin wuta zuwa fulogi, da ƙaramin kwayil ɗin da ke cikin murfin inji wanda ke ba CDI alamar lokacin sakin wuta. Dukansu suna da siririyar waya ko dalma a ciki, wadda idan ta tsage takan haɗe a sanyi ta rabu a zafi. A wannan ƙirar an san akwatin CDI da wannan ciwo idan ya tsufa. Duk da haka ba na so ka saya shi da ka, domin ya fi sauran tsada. A fara da tsabtace dukan mahaɗan waya da wayar da ke ɗaure a jikin firam, a gwada wata hular fulogi, a auna kwayil biyun da mita a sanyi da kuma a zafi. Idan su biyun sun tsaya a kan awonsu, sannan a koma kan CDI. Wajen saye a kula da shekarar babur, domin ba dukan shekarun ke amfani da iri ɗaya ba, kuma lambar firam ce za ta nuna shekarar. Fulogin da ya dace da shi NGK DPR8EA-9 ne, tazarar bakinsa milimita 0.8 zuwa 0.9.

Bawul, wanda aka fi mantawa da shi

Idan akwai mai, akwai wuta, amma ya ƙi tashi, kuma ka ji sitata tana juya shi da sauƙi fiye da yadda ta saba, hankalina ya fi karkata ga bawul. A nan zan ɗan tsaya, domin shi ne abin da na fi gani a baburan da suka yi shekaru suna shaƙar ƙura. Tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi akwai ƴar tazara da kamfani ya bari da gangan, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. Ƙurar da ta wuce iyakilina, wato matatar iska, tana cin fuskar bawul ɗin shigar iska a hankali, sai ya riƙa nutsewa cikin mazauninsa, tazarar kuma ta riƙa raguwa. Idan ta kusa ƙarewa, da safe bawul zai rufe da kyar, inji ya tashi, amma da ya ɗauki zafi sai ya kasa rufewa gaba ɗaya, matsin silinda ya zube, ƙarfi ya tafi. Wannan ya yi daidai da yadda ka kwatanta, wato raguwar ƙarfi da tari kafin mutuwa, domin ɗaukewar wuta ta fi zuwa farat ɗaya.

Tazarar bawul a wannan inji milimita 0.15 ce, na shiga da na fita duka. Ana auna ta da siraran ƙarafan awo da makanikai ke kira fila, bayan an juya inji an daidaita alamar T, fistin yana sama a bugun matsi, lokacin da bawul biyun suke a rufe. Littafin Honda ya ce a yi awon inji yana ƙasa da digiri 35, kuma ka san a bazara iskar Zariya kanta takan haura haka da rana, saboda haka aikin na sassafe ne, bayan babur ya kwana bai tashi ba. Ina roƙonka kada ka yarda a ɗaure bawul da kunne. Akwai masu matse shi har sai ƙarar ta ɓace gaba ɗaya domin mai babur ya ji daɗi, alhali ɗan ƙas-ƙas ɗin nan alamar lafiya ce, shirun ne ke ƙona bawul. Idan an saita shi ya yi lafiya, amma bayan ƴan makonni tazarar ta sake tsukewa, bawul ɗin ya cinye ke nan, sai an buɗe kan inji an sauya shi.

Daga nan sai ka binciki ta inda ƙurar ke shiga. Iyakilinar wannan babur soso ce, kuma soson ba ya tare ƙura sai an jiƙa shi da mai. Ana wanke shi, a bar shi ya bushe, a shafa masa man iyakilina, a matse rarar ba tare da murɗewa ba. Ka sa yatsa a cikin robar da ke tsakanin iyakilina da kafireto: idan ka shafo ƙura a wurin, inji yana cin ƙasa. Ka kuma lanƙwasa robar da ke tsakanin kafireto da inji ka duba tsagewa, domin iskar da ke shiga ta nan tana sa man ya yi ƙaranci a cikin haɗin, inji ya riƙa zafi fiye da kima. Tsohon fulogi zai ba ka shaida. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne, haɗin mai da iska daidai yake. Fari fat yana nufin iska ta yi yawa, baƙi mai toka yana nufin mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo kuwa yana nufin baƙin mai na haurowa ta ringi ko ta robar bawul.

Ya rage zafin da aikin kansa ke jawowa. Injin da iska ke sanyayawa yana bukatar tafiya, kai kuwa kana jan kaya a hankali a tsakanin kunyoyi, a lokacin da inji ke aiki mafi nauyi kuma iska mafi ƙaranci ke bugunsa. Idan laka ta bushe a tsakanin haƙarƙarin bulok, kamar ka lulluɓe shi da bargo ne a tsakar rana. A wanke wurin bayan ya huce, a riƙa jan kaya a giya ta ɗaya ko ta biyu maimakon a shaƙe shi a ta uku, a kuma ɗaga tayoyin a juya da hannu a ga ko birki na kamawa. Baƙin mai ya zama na babur mai alamar JASO MA a jikin galan, domin kulocin yana wanka a cikin man injin ne, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi.

Game da buɗe salansa, ban goyi baya ba. Ƙarin ƙarfin da ake samu a ƙaramin inji irin wannan kaɗan ne, kuma a can saman totur yake, inda manomi ba ya aiki. Buɗewar tana sa haɗin ya ƙara ƙarancin mai sai an sauya jet, wato ƙarin zafi a kan injin da zafi ke kashewa. Abin da ya dace a yi wa salansar shi ne a fitar da tokar da ta taru a cikinta. Haka kuma idan aka ce maka a jefar da kafireton asali a sa sabo mai araha, ka ƙi. Na asalin ƙirar Keihin ne, kuma sauya masa robobi da allura ya fi sabon da ba a san awon jet ɗinsa ba.

Zaman baya, ƙarfen ɗagawa da tayoyi

Buhun taki kilo 50 ne, uku sun zama kilo 150. Abin da Honda ta yarda a ɗora a kariyar baya kusan kilo 60 ne, ta gaba kuma kusan kilo 30. Ka ga ke nan kana ɗora ninki biyu da rabi na abin da aka ƙera wurin ya ɗauka, kuma babu shokazobar da za ta ƙi zama a ƙarƙashin haka. Abin da ya fi zaman damuna shi ne, nauyin yana sama kuma a bayan aksil, yana sa gaban babur ya yi sakayau. A kan ɗan tudu ko bakin kwalbati, gaban yana iya tashi babur ya kifo a kan mai tuƙi, kuma abu ne da ya haura kilo 200. Kifewa ce babbar hanyar da irin waɗannan babura ke kashe manoma, har ta kai ƙasar Ostireliya ta wajabta sa ƙarfen kariya a kan sababbin baburan aiki tun daga 2021. Maganin kayanka ƙaramar tirela ce mai taya biyu. Wannan babur an yarda ya ja kusan kilo 385, har da nauyin tirelar kanta, muddin an jera kayan a kan aksil ɗinta ta yadda abin da ke danne ƙugiyar babur bai wuce kilo 14 ba.

Duk da haka a duba ƙafafun, domin shekarunsu sun ja. A ɗaga babur a kan katako mai ƙarfi, a kama kowace tayar gaba sama da ƙasa a girgiza. Motsi a nan na boris ne ko boljoyin. A kama ta hagu da dama a sake girgizawa, motsin nan kuma na tayirod ne. A baya, a tura aksil gefe da gefe domin a ji boris ɗin hannun da ke riƙe da shi. Shokazoba kuwa, idan jikinta ya jiƙe da mai, ko ka danna babur ka saki ya yi ta lilo maimakon ya dawo sau ɗaya ya tsaya, ta mutu. Idan kai kaɗai ka hau, bai kamata ta nutse fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyarta ba. Idan ta wuce haka, sifirin ya gaji, kuma sabuwar shokazoba mai tsawon ta asali za ta dawo maka da tsayin da ka rasa. Kada a cusa guntun bututu a cikin sifirin, kada kuma a sa ta wani babur mai ƙafa biyu don kawai ramukan noti sun yi daidai.

Ƙarfen ɗagawa yana da wani aibi da masu sayar da shi ba su cika faɗa ba. Tayoyin bayan wannan babur suna kan aksil guda ne miƙaƙƙe, kuma tukunyar giyar baya tana jikin aksil ɗin. Ƙarfen ɗagawa firam yake ɗagawa, amma tukunyar tana nan inda take, domin tsayinta daga ƙasa taya ce kaɗai ke yanke shi. Za ka ɗaga mazauninka da kayanka sama har inci biyu, ka ƙara wa babur saurin kifewa, alhali wurin da ya fi kusa da ƙasa bai motsa ba. A gaba kuma ɗagawar tana ƙara karkatar da shaf ɗin da ke juya tayoyi, robobinsu su riƙa yagewa, yashi ya shiga gaɓoɓin. Kayan gyaran wannan ƙirar ba a kowace kasuwa ake samunsu ba, sau da yawa sai an yi oda daga waje, saboda haka duk abin da zai rage musu kwana asara ce a gare ka.

Tayoyin asali na irin naka inci 23 ne a gaba, 24 a baya, a kan rim mai inci 11. Bambancin nan da gangan ne, an daidaita shi da giyar gaba da ta baya. Tun da kullum tayoyin huɗu suna ja tare, idan ka sa masu tsayi ɗaya gaba da baya, ɓangarorin biyu za su riƙa jayayya da juna, kan babur ya yi nauyi, shaf da giya su riƙa ci, musamman a ƙasa mai tauri. Sannan lissafin inci 27 ɗin bai fita ba. Daga 24 zuwa 27 tsayin da za ka samu a ƙarƙashin aksil inci ɗaya da rabi ne kawai, amma ƙarfin ja a ƙasa zai ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari, ban da nauyin tayar kanta da ke wahalar da kuloci da birki. Masu sa irin waɗannan tayoyi a Amurka domin wasan taɓo sukan buɗe inji su sauya haƙoran giya domin su maido da ƙarfin, wanda aiki ne mai tsada da ba ka bukata. Idan tayoyinka sun cinye kana son ɗan ƙari, 24 a gaba da 25 a baya shi ne iyakar abin da zan ba ka shawara, domin ya riƙe bambancin kuma injin zai ɗauke shi ba tare da kuka ba.

Kafin ma ka sayi taya, ka auna iskar waɗanda ke kai. Tayar irin wannan babur iska kaɗan take so, tsakanin psi 3 zuwa 5 a ma'aunin iskar taya, kuma ainihin adadin yana rubuce a takardar da ke manne a jikinsa. Mai faci da ya saba da mota zai iya dura mata ninkin haka sau da yawa, ma'auninsa ma ba ya karanta ƙaramar iska, don haka ka nemi ƙaramin ma'auni naka na kanka. Tayar da ta yi tauri tana tsalle, tana nutsewa a yashi, wadda ta yi laushi ƙwarai kuma tana rage tsayin babur. Tayoyin baya biyu su zama daidai da juna, domin a kan aksil guda ko ɗan bambanci yana sa babur ya riƙa ja gefe ɗaya. Saboda wannan aksil ɗin ne kuma ba a son gudu da shi a kan kwalta, inda tayar ciki ba ta samun zamewa a kwana. Hular kwano wajibi ce ko a cikin gona, kuma mazauninsa na mutum ɗaya ne.

Ban ga babur ɗinka ba, ban kuma ji kukan injinsa ba, saboda haka abin da na jero hanyar bincike ce, hukuncin yana hannun wanda zai yi gwajin. Yana yiwuwa a tarar da matsala biyu a tare, misali bawul ya tsuke kuma ragar famfo ta toshe, shi ya sa nake so a riƙa gyara abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba. Idan mai da wuta da bawul duk sun fita lafiya amma ƙarfin bai dawo ba, mataki na gaba shi ne a auna matsin silinda da ma'auni, a sanyi da kuma a zafi, a kwatanta da adadin da ke cikin littafin gyara na shekarar babur ɗinka. Idan kana shiga fadama da damina, ka sa a zuke man tukunyar giya ta gaba da ta baya a duba. Idan ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, sai a sauya robar da ke yoyo, a zuba sabon man giya mai lamba 80, a kuma tabbatar ƙananan tiyon numfashinsu suna nan a ɗaure can sama a jikin firam.